Ajin Sinanci na Aboabo: wata uku da na yi, da kalmar da ta kusa haɗa ni faɗa da maigida

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci na dare wayata ta yi ƙara. Ni ina can ina barci, maigidana Alhaji ne ya farka, ya miƙa hannu zai kashe sautin, sai idonsa ya faɗa kan saƙon. Manhajar WeChat ce, daga Guangzhou ta ƙasar Sin. Da Sinanci aka rubuta, amma ya san wurin da ake dannawa a fassara, ya kuwa danna. Abin da ya fito masa shi ne: "Kyakkyawa, kina nan?" Ya ja sama, saƙon jiya ma da "kyakkyawa" ya fara, na shekaranjiya kuwa har da abin da manhajar ta fassara da "abar ƙauna". Bai tashe ni ba. Da safe na ajiye masa koko da ƙosai, ko kallon kwanon bai yi ba.

Ni 'yar kasuwa ce, shagona yana kasuwar Kejetia a Kumasi, ina sayar da mayafai da hijabai da abaya da ɗan leshi. Shekara huɗu ke nan ina yin odar kaya daga Guangzhou, sau ɗaya tak na taka ƙasar da ƙafata, saura duk ta waya ne. Sun riga mu da awa 8, biyun darenmu goman safiyarsu ce, lokacin da suke buɗe shago. Na yi wannan bayani, bai shiga ba. Sai da na kira lambar ta bidiyo a gabansa, wata mata mai kimanin shekara hamsin ta bayyana da tsinken cin abinci a hannu, tana zuƙar taliya, tana ɗaga masa hannu. Ya yi shiru, can ya ce, "To ita mene ne nata na ce miki kyakkyawa kullum safiya?" Ban da amsa. Wannan rashin amsar ne ya kai ni ajin da zan ba ku labari.

Ajin yana saman wani shago a Aboabo, ɗaki ɗaya ne da benci biyar da allo. Malamin ɗan Zango ne, haifaffen Asawase, ya yi shekara biyar yana karatu a arewacin ƙasar Sin. Ba zan kama sunansa ba, don ina da ƙorafi a kansa, kuma mahaifiyarsa a wurina take sayen mayafi. Laoshi muke ce masa, wato malam. Talata da Alhamis daga bayan La'asar zuwa Magariba, sai Asabar da hantsi, sidi 250 a wata. Mu 14 muka fara, mu 9 muka ƙarasa, mata uku. Akwai masu sayar da waya daga Adum, da masu kayan gyaran mota daga Suame Magazine, da wani saurayi mai neman aikin tafinta, da wani Alhaji mutumin Nijar mai sayar da tayil, wanda shi ne gishirin ajin.

Na san akwai Cibiyar Confucius, mai koyar da Sinanci, a Jami'ar Ghana da ke Legon tun 2013, jami'ar KNUST ma a nan Kumasi ta samu tata daga baya. Sai dai irina, da Turancin bai wuce na ciniki ba, kuma ba zan rufe shago da rana ba, can ba wurina ba ne. Shi wannan yaro da Hausa yake koyarwa, yana tsarma Twi in ta kama. Kuɗina na farko a kan wannan na biya su.

Ranar farko, ana gama gaisuwa, na ɗaga waya na nuna masa saƙon. Ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Hajiya, kin kawo mana darasin mako guda." Ba wasa yake ba, mako gudan muka yi.

Ya ɗauki alli ya zana harafi mai layi tara: 美. Sunansa mei. Ya sake zana shi gida biyu. Na sama 羊, rago ko tunkiya (akuya ma duk sunansu ɗaya a wurin Sinawa), na ƙasa 大, wato babba. Rago babba, shi ne kyau. Lokacin ba a fi kwana goma da Babbar Sallah ba, kowa da tabon kuɗin rago a aljihu, ajin ya ɗauki dariya. Alhajin tayil ya ce, "Ashe su ma sun san layya!" Abin da ya burge ni da Laoshi shi ne bai bar mu da labari mai daɗi kawai ba. Ya ce wannan fassarar ta rago tana cikin tsohon ƙamus ɗin da wani masani mai suna Xu Shen ya haɗa wajen shekara ta 100, zamanin daular Han, inda ya danganta kalmar da daɗin ɗanɗano. Amma masanan da suka duba rubutun da aka tono a jikin ƙasusuwa da ƙoƙon kunkuru, wanda ya haura shekara 3,000, da yawansu sun ce hoton mutum ne a tsaye da ado na ƙaho ko gashin tsuntsu a kansa. Alhaji ya ce shi dai yana nan kan rago.

To sai tawa kalmar. Mei a haɗa da nü, mace, ya zama meinü. A takarda "kyakkyawar mace" ne, a bakin ɗan kasuwa kuwa kira ne kawai. Mai shago, mai kawo abinci, mai neman ki matsa ya wuce, duk meinü za su ce miki, ko kina da kyan ko babu. Namiji kuma shuaige, "kyakkyawan yaya". Laoshi ya ce, "Hajiya, mata nawa kike ce wa Hajiya a rana, alhali ko filin jirgi ba su taɓa gani ba?" Na tuna kuma 'yan matan Asante da ke layinmu, yadda suke jawo mai saye da "ahuofe, bra", kyakkyawa zo. Abin da nake ji kullum a ƙofar shagona ne, amma da ya zo da Sinanci ya kusa hana mutum shan koko. "Abar ƙaunar" nan kuwa qin ce, kalma mai gaɓa ɗaya da masu sayar da kaya ta intanet, irin na Taobao, suke liƙa wa kowane mai saye, mace ko namiji, ko da cokali ɗaya ya saya. Na sa ya maimaita bayanin na ɗauka a waya, na kai gida na kunna.

Mei ita kaɗai ba ita aka fi ji a kasuwa ba. Tana ɓoye cikin wasu kalmomi. Amurka ita ce Meiguo, kuma ba wai yabon ƙasar ake yi ba, an ɗauko sautin "me" na tsakiyar sunan America ne aka zaɓa masa harafi mai daɗin ma'ana. Dalar Amurka meiyuan, wannan kam na riƙe ta tun ranar, don da ita ake yanka mana farashi. Akwai meili, wadda Laoshi ya ce ta fi zama a rubutu da waƙa da zancen tsaunuka da koguna. In kin ce wa mayafin shifon meili ba laifi kika yi ba, amma kamar ki shiga kasuwar Asafo da Hausar labarun rediyo ne.

Ta yau da kullum ita ce piaoliang, 漂亮. Rabinta na biyu, liang, haske ne. Mace piaoliang ce, riga, gida, mota, rubutun hannu, duk ana faɗa musu. Har aiki in an yi shi da gwaninta: ya ce in ɗan wasa ya zura ƙwallo mai kyau, mai sharhi kan yi ihu da "Piaoliang!", daidai inda mu za mu ce "Da kyau!" a filin Baba Yara in Kotoko ta ci. Namiji ne dai ba a cika ce masa haka ba, shi shuai ne. Ɗaya daga cikin samarin Adum ya ce ai shi ya daɗe yana tura wa dillalinsa "ni hen piaoliang", wato "kana da kyau", duk sanda ya sa sabon hoto, kuma mutumin gemu gare shi. Sai wadda na fi so don ba ta da haɗari, haokan: hao mai kyau, kan kallo, wato daɗin kallo. Mace, namiji, takalmi, fim, duk tana hawa. Ƙannenta kuma haochi, daɗin ci, da haoting, daɗin ji. Wannan ginin ya zauna min nan take, don haka muke faɗa.

Inda Hausa ta kayar da ni shi ne "kina da kyau". Mun koyi you, wato "da akwai" ko "yana da", sai na haɗa abina da ƙarfin hali na ce "ni you piaoliang". Laoshi ya ce a Sinanci kyau ba abin da ake mallaka ba ne a jimla irin wannan, kuma ba a sa kalmarsu ta "shi", wato "ne" ko "ce". Sai dai ni hen piaoliang. Ita hen ɗin a ƙamus "sosai" ce, amma a nan kujera ce kawai da sifar ke zama a kai, in an cire ta sai jimlar ta yi kamar ana kwatanta ki da wata. In ana son a nuna abin ya kai, sai a ce zhen piaoliang, ko tai piaoliang le.

Alhajin tayil kuwa yaƙinsa da harafin p ne. "Fiyau-liyan" yake cewa. Laoshi ya yago takarda ya riƙe masa a gaban baki, ya ce sai iska ta kaɗa ta lokacin da leɓe ya buɗe. Dattijo da jikoki, yana ta hura takarda muna ƙirga masa. Ya samu a mako na uku, ya yi sadakar goro.

Zancen murya kuwa, a nan ne na ce yaron nan malami ne ba ɗan ci da baki ba. Sinancin da ake koyarwa, Putonghua, yana da karin murya huɗu: mai tsayawa sama, mai hawa, mai nutsewa ya taso, da mai faɗowa. Kafin ya fara sai ya rubuta "kuka" a allo ya ce mu karanta. Wasu suka karanta na hawaye, wasu na miya. Ya rubuta "wuya", wasu suka kama maƙogwaro, wasu suka ce wahala. Ya ce, "To kun gani, tun kuna goye kuke yin abin da Turawa ke kuka da shi." Daga nan tsoron ya fita. Mei mai nutsewa ita ce kyau. Mai hawa "babu" ce. Mai faɗowa ƙanwa ce. Kalmar "mai" kuma in ta nutse saye ce, in ta faɗo sayarwa, ku duba irin ɓarnar da wannan zai yi wa ɗan kasuwa. Har harafin piao ɗin nan murya uku gare shi: a sama yana nufin yawo a kan ruwa, in ya nutse ya zama wanke yadi da bilic, sai ya faɗo ne yake zama na kyau. Da ya zo kan bilic, mu matan muka kalli juna, ba wadda ta ce uffan.

Yanzu ga abin da ya mayar min da kuɗin makarantata har da riba. Bara na yi odar mayafan shifon dozin 40. A hoto kamar ka sace. Kafin in biya na rubuta tambaya a manhajar fassara, abin da ke raina shi ne "kayan suna da kyau?", matar ta amsa da "hen piaoliang", manhaja ta ce min "suna da kyau sosai". Kaya suka yi kusan wata biyu a ruwa, suka sauka Tema, na biya kuɗin fito, na kawo Kumasi. Wankin farko jan ya zuba, ya rine wa wata amarya farar abaya. Na mayar da kuɗi, na ba da haƙuri, ragowar na karyar da su, na kuma riƙe matar a zuciya a matsayin maƙaryaciya.

A aji na gane ba ƙarya ta yi min ba. Mu "mai kyau" ɗinmu jaka ce mai faɗi: kyan gani, ƙarko, nagarta, halin kirki, duk a ciki. Piaoliang ta ido ce zalla. Na tambayi ido, ta ba ni amsar ido. Abin da ya kamata in ce shi ne zhiliang hao ma, ingancin yana da kyau? Sannan hui diaose ma, zai zuba? Laoshi ya rubuta min su biyun a bayan rasit, suna nan manne a bangon shagona kusa da lambar MoMo. (Ko ta san zai zuba ta yi shiru, wannan tsakaninta da Allah. Ni dai ban tambaya ba.) Ya kuma koya mana wata magana mai harafi huɗu da ake rubutawa a tallace-tallace, wu mei jia lian, kaya mai kyau farashi mai sauƙi, ya ce a nan mei ta koma nagarta, ba kyan ido kaɗai ba. Sai ya ƙara da abin da kowace 'yar Kejetia ta sani amma ba ta san shi da Sinanci ba: kada ki yabi kaya kafin a yanka kuɗi. In an nuna miki samfur, ko ya tafi da ranki, ki daure fuska ki ce hai xing, ba laifi, ko yiban, haka-haka. Sai tai gui le, ya yi tsada, sai pianyi yidian, a rage kaɗan. Piaoliang sai an ɗaure kaya. Ni da nake ta zuba mata alamar zuciya a ƙarƙashin kowane hoto, ashe da hannuna nake ƙara wa kaina kuɗi.

To, ƙorafi. Laoshi ba ya zuwa kan lokaci. Yana aikin tafinta a wani kamfani, in sun riƙe shi sai mu zauna rabin awa muna kallon allo, in ya zo kuma wayarsa ba ta hutawa, ya bar mu a tsakiyar jimla ya fita baranda yana "hao, hao, hao". Ranar Talata da Alhamis lokacin dama gajere ne, Magariba ba ta jira. Sau biyu bai zo ba sam, sau ɗaya kawai ya rama. Fanka ɗaya ce a ɗakin, tana juyawa kamar mai jin barci, in an ɗauke wuta kuwa sai mafici, ba janareta. Matakalar bene a tsaye take, ɗaya daga cikin matan da muka fara da su ciwon gwiwa ne ya sa ta bari. Maza suna sauka masallaci, mu sai mu shimfiɗa mayafi a lungun baranda.

Littafi babu. Takardu yake bugo mana, kuma injin da yake bugawa tawadarsa ta mutu, alamomin murya da ke kan wasulan pinyin, wato Sinanci da haruffan boko, ba sa fita, alhali su ne ran abin. Da biro muke bi muna ɗorawa. Ya yi alkawarin turo sautin kowane darasi a WhatsApp, ya yi na mako uku ya gaji. Rubutun haruffa kuwa an yi masa riƙon sakainar kashi. Bayan wata uku ina gane haruffan da ba su wuce talatin ba, wanda nake iya rubutawa ba tare da kallo ba 美 ne da 大 da lambobi. Ni bai dame ni sosai ba, saƙon murya nake turawa. Amma saurayin nan mai son zana jarrabawar HSK ta ƙwarewa a Sinanci don ya nemi gurbin karatu, shi kam an cuce shi, na kuma faɗa wa Laoshi haka a gaban idonsa.

Wani giɓin kuma ba laifinsa ba ne, amma ya kamata mai zuwa ya sani. Kusan dukanmu da Guangzhou muke hulɗa, can kuwa harshen gida na Kanton ne. Zuwana ɗaya, a unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka fi sauka, abin da na riƙa ji ana kiran mata da shi wani abu ne kamar "leng noi". Na tambaya, ya ce wannan 靓女 ne, meinü ɗin mutanen kudu, da Putonghua liangnü. Ya faɗa ba kwana-kwana cewa iyakar saninsa ke nan, shi bai iya harshen Kanton ba. Putonghua za ta yi miki ciniki a ko'ina, amma in masu shago suka juya suna magana tsakaninsu, kin koma kurma. Darasi ɗaya da ya ware kan abinci ya yi amfani: ya sa mun haddace 清真, qingzhen, alamar halal da ake gani a ƙofar shagunan taliyar Lanzhou. Alhajin tayil ya ce da ya san wannan tun tuni da bai yi kwana goma yana cin biredi da ayaba ba.

Wa zan ce ya je? Mai odar kaya da ke son ya daina dogara da fassarar waya, ya je, sidi 250 bai kai asarar dozin ɗaya ba. Mai neman takardar shaida ko karatun jami'a, ya nemi cibiyoyin jami'a. Mace ta tafi da maficinta da dardumarta. Ni na biya na zango na biyu, bisa sharaɗin a canza mai buga takardu, ya ce to, muna jira mu gani.

Makon jiya matar Guangzhou ta turo hoton sabuwar abaya mai duwatsu a hannu. Raina ya biya, amma na danne, na tura mata murya: "Hai xing. Zhiliang hao ma? Hui diaose ma?" Minti biyu shiru, sai ga muryarta tana ƙyalƙyala dariya, ta ce Sinancina ya yi kyau. Laoshi ya koya mana cewa mai ladabi ba ya karɓar yabo hannu biyu, kamar yadda mu ma in an yaba ɗa sai mun bi da tubarkalla, don haka na amsa da nali nali, "ina, ina!" Ta sake fashewa, ta rubuto cewa rabonta da jin wannan tun daga bakin babanta, yaran yanzu xiexie, "na gode", kawai suke cewa. Ta aiko bidiyon yadin a cikin bokitin ruwa, ruwan fari tas, ta kuma rage min kuɗi kaɗan a kan kowane dozin. Sai da aka ɗaure kaya na ce mata tai piaoliang le.

Wayar har yanzu tana ƙara ƙarfe biyun dare in na manta ban kashe sauti ba. Alhaji ba ya ko buɗe ido, sai dai ya zungure ni da gwiwar hannu ya ce, "Ke, tashi, mai taliyarki ce."